Tafiyar Yaro: Da Ita Aka Haife Shi, Ko Gani Ya Yi Ya Kwaikwaya?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in tofa albarkacin bakina a kan wata magana da na karanta a shafin iyali kwanakin baya, inda marubucin ya ce yaro yana tashi ya yi tafiya ne saboda ya ga manya suna yi, har ya ƙara da cewa da za a raini jariri a tsakanin mutanen da ba sa miƙewa tsaye, da shi ma ba zai taɓa miƙewa ba. Maganar tana da daɗin ji, kuma ba na shakkar cewa da yawa daga cikin masu karatu sun gyaɗa kai da suka karanta ta, domin kowa ya san yaro gwanin kwaikwayo ne. Sai dai a ganina marubucin ya cakuɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba su, wato koyo da kwaikwayo. Yaro yana koyon tafiya, wannan babu ja a cikinsa, amma da jikinsa yake koyon ta, kuma rabon da kallon manya yake da shi a cikin lamarin ɗan kaɗan ne ƙwarai.

Duk ungozoma ko likitan yara ya san wani gwaji da ake yi wa jariri sabon haihuwa. A riƙe shi ta hammata, a miƙar da shi yadda tafin ƙafarsa zai taɓa abu mai faɗi, a ɗan karkata shi gaba, sai a ga ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ajiye, ya ɗaga ɗayar ya ajiye, bi da bi, kamar mai shirin tafiya. Wannan jariri bai kwana uku a duniya ba, idonsa bai iya tantance abin da ya wuce nisan fuskar mahaifiyarsa lokacin shayarwa ba, balle a ce ya zauna ya nazarci yadda ake jefa ƙafa. Hasali ma, na'urar duba ciki ta nuna cewa tun yana cikin mahaifa yake motsa ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Wa ya gani a can yana tafiya?

Abin da ya daɗe yana rikita masana shi ne, wannan taku yakan ɓace idan jariri ya kai kamar wata biyu, sannan ya sake bayyana bayan watanni da dama, dab da lokacin da zai fara dafa abu ya miƙe. An daɗe ana cewa ƙwaƙwalwa ce ta girma ta danne shi. Wata mai bincike Ba'amurkiya, Esther Thelen, ita ce ta warware wannan ƙulli a farkon shekarun 1980, kuma yadda ta yi abin yana burge ni saboda sauƙinsa. Ta lura cewa a watannin farko ƙafafun jariri suna tara kitse da sauri fiye da yadda tsokarsu take ƙarfi, don haka ƙafar takan yi masa nauyi idan yana tsaye. Da ita da abokan aikinta suka tsoma jarirai cikin ruwa har zuwa ƙirji, ruwan ya ɗauke nauyin ƙafar, sai takun ya ƙaru. Da suka ɗaura wa wasu ɗan nauyi a ƙafa, daidai da kitsen da za su ƙara nan da 'yan makonni, sai takun ya ragu. Ta kuma nuna cewa harbin iska da jariri yake yi da ƙafafunsa idan yana kwance rigingine tsarinsa ɗaya ne da wannan taku. Ashe takun bai je ko'ina ba, ƙarfin ɗaga ƙafar ne ya gaza na ɗan lokaci.

Tushen wannan motsi yana cikin laka, wadda take bin tsakiyar ƙashin baya. Tun a 1911 wani masani ɗan Birtaniya, Thomas Graham Brown, ya nuna da gwaji a kan kuliyoyi cewa laka ita kaɗai tana iya fitar da tsarin lanƙwasa ƙafa da miƙe ta bi da bi, ko da an yanke saƙon da yake zuwa mata daga ƙwaƙwalwa. Shekara 100 bayan haka, a 2011, wasu masana a birnin Rum na Italiya suka auna aikin tsokar ƙafar jarirai sababbin haihuwa, da ta yara masu fara tafiya, da ta manya. Suka tarar cewa jariri yana zuwa duniya da tsari biyu na motsa tsoka, yaro mai fara tafiya kuma yana riƙe da waɗannan biyun ya ƙara wasu biyu a kai, sannan tsarin ya yi kama ƙwarai da na ɓera da kyanwa da biri da zabo. Babu wanda zai ce zabo da ɗan Adam sun zauna a makaranta ɗaya.

Amma hujjar da ta fi ƙarfi a wurina, wadda kuma ba ta buƙatar ɗakin bincike kafin a gane ta, ita ce ta yaron da aka haifa makaho. Idan da gani ake samun tafiya, to wanda bai taɓa ganin ko inuwar mutum ba ya kamata ya ƙare rayuwarsa a zaune, alhali kuwa kowa ya san ba haka abin yake ba: yana tashi, kuma da ƙafa biyu yake tafiya kamar kowa. Selma Fraiberg, wadda ta shafe shekaru a Jami'ar Michigan tana bin diddigin jarirai da aka haifa ba sa gani, ta samu cewa suna zama da kansu, suna tsayawa, suna kuma jefa ƙafa idan an riƙe musu hannu, duk a kusan lokacin da masu gani suke yi. Inda suke jinkiri shi ne sakin hannu su ratsa ɗaki su kaɗai, abin da yakan kai su wajen wata 19, alhali mai gani yakan yi shi a wajen wata 12. Marubucin namu zai iya cewa to ga shi nan, rashin ganin manya ne ya jawo jinkirin. Bayanin da Fraiberg ta bayar ya fi wannan gamsarwa. Yaro mai gani yana hango abin wasa ko fuskar uwarsa a can nesa, sai abin ya ja shi ya nufe shi, shi kuwa makaho sai ya fara gane cewa sautin da yake ji yana fitowa ne daga wani abu da yake a wani wuri, wanda za a iya zuwa a taɓa, kuma wannan ganewar takan ɗauki lokaci. Ga kuma taimakon da ido yake yi wa jiki wajen tsayawa daidai ba tare da tangaɗi ba. Amfanin ido a nan shi ne nuna wa yaro inda za shi da kuma taya shi riƙe kansa.

Hausawa suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma na sha jin ana kawo karin maganar nan a matsayin shaidar cewa ɗa yana bin abin da ya ga iyayensa suna yi. Wanda ya taɓa ganin haihuwar dabba ya san ba kallo ne ya tayar da ɗan barewa ba. Ɗan doki yakan miƙe cikin sa'a ɗaya ko biyu da faɗowarsa, haka ɗan maraƙi, tun jikinsu bai gama bushewa ba. Tambayar da ta fi dacewa ita ce, me ya sa ɗan Adam yake shekara guda kafin ya yi abin da ɗan doki yake yi kafin rana ta faɗi? A 2009 wasu masana a Jami'ar Lund ta Suwidin suka kwatanta halittu masu shayarwa iri 24, suka ƙirga lokacin fara tafiya daga ranar ɗaukar ciki maimakon daga ranar haihuwa, sai suka ga cewa girman ƙwaƙwalwar kowace halitta shi ne yake nuna lokacin da 'ya'yanta za su taka, kuma ɗan Adam bai fita daga wannan lissafi ba. Doki yana yin yawancin girman ƙwaƙwalwarsa a ciki, mu kuwa ana haihuwarmu aikin bai kammala ba, sai a ƙarasa shi a waje.

Da zan tsaya a nan, da na yi wa gaskiya rabin adalci, domin akwai lokacin da masana suka wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, suka ce lokaci kaɗai ne yake tayar da yaro, ko an taimake shi ko ba a taimake shi ba. A 1929 Arnold Gesell da Helen Thompson suka ɗauki wasu tagwaye mata, suka yi ta koya wa ɗaya hawan matakala har mako shida, suka bar ɗayar, amma da aka fara da ta biyun daga baya sai ta cimma 'yar'uwarta cikin mako biyu. A 1940 kuma Wayne Dennis da matarsa suka bincika 'ya'yan ƙabilar Hopi a Amurka, waɗanda wasunsu ake ɗaure su a kan allon raino na tsawon watanni, suka ga sun fara tafiya a lokaci ɗaya da waɗanda ba a ɗaure ba. Sai dai shi Dennis ɗin ne da kansa, shekara 20 bayan haka, ya kawo labarin da ya rage wa wannan ra'ayi ƙarfi. Ya ziyarci wasu gidajen marayu a Tehran, babban birnin Iran, inda ma'aikata suka yi kaɗan, jarirai suna wuni kwance rigingine a gadajensu, ba a zaunar da su, ba a kifa su, ba a saukar da su ƙasa. Mafi yawan yaran da ke tsakanin shekara biyu da uku a waɗannan gidaje ba su iya tafiya ba, kuma da yawansu da jan gindi suke matsawa maimakon rarrafe. Ina so mai karatu ya lura da wani abu a nan: waɗannan yara suna ganin ma'aikata suna kai da kawo a gabansu kullum, kuma ganin bai tayar da su ba. Abin da aka hana su shi ne damar gwada jikinsu.

Inda kuma aka yawaita wannan dama, sai tafiyar ta zo da wuri. Charles Super ya zauna da mutanen Kipsigis na Kenya, ya kuma rubuta a 1976 cewa iyaye mata a can suna koya wa jarirai zama da tsayuwa da taku da gangan, kusan kullum, 'ya'yansu kuwa suna riga yaran Amurka tafiya da kamar wata guda, amma ba sa riga su a rarrafe, wanda ba a damu da koyar da shi ba. Mutanen Ache na dazukan ƙasar Faragwai da ke Kudancin Amurka kuma, waɗanda ba sa son ajiye yaro a ƙasa saboda haɗarin daji, 'ya'yansu sukan kusa shekara biyu kafin su taka. A 1972 Philip Zelazo da abokan aikinsa suka sa iyaye su riƙa motsa wa jarirai takun nan na haihuwa na 'yan mintuna kowace rana a makonnin farko, takun bai ɓace ba, yaran kuma suka riga sauran tafiya. Idan aka duba abin da ake kira koyarwa a duk waɗannan wurare, za a ga cewa babu inda uwa ta tsaya a gaban jariri tana tafiya tana cewa ya kalle ta. Riƙe shi ake yi, a tsayar da shi, a bar nauyinsa ya sauka a kan ƙafafunsa, tsoka ta yi ƙarfi, jiki ya saba.

To, mene ne ainihin abin da yaro yake koya, tunda takun da shi ya zo? Tsayawa a kan ƙafa ɗaya ba tare da faɗuwa ba, domin a kowane taku akwai lokacin da duk nauyin mutum yake kan ƙafa guda. Wannan aiki ne mai wuya ga mai babban kai da gajerun ƙafafu, wanda jikinsa ma yake canzawa kusan kowane mako. Dole ƙwaƙwalwarsa ta iya haɗa saƙon da yake zuwa daga ido, da na can cikin kunne inda ma'aunin jiki yake, da na tafin ƙafa da gaɓoɓi, sannan ta mayar da amsa ga tsoka kafin ya kai ƙasa. Babu yadda za a yi a kalli wannan a jikin wani a kwafa, kamar yadda ba a koyon iyo daga bakin gaɓa. Karen Adolph ta Jami'ar New York da abokan aikinta sun ɗauki hoton bidiyon yara 'yan wata 12 zuwa 19 suna wasa yadda suka ga dama, suka buga sakamakon a 2012: a matsakaici yaro yana yin taku 2,368 a cikin sa'a guda, yana kuma faɗuwa sau 17. Babba da za a ce ya faɗi sau 17 a sa'a ɗaya yana koyon wani abu, da tuni ya haƙura.

Yanayin tafiyar farko ma shaida ce. Yaro mai tatata yana buɗe ƙafafu, ya ɗaga hannuwa sama, ya riƙa buga dukan tafin ƙafarsa a ƙasa lokaci guda, takunsa gajere, yana rangaji hagu da dama. A gidan wa ya ga babba yana tafiya haka? Da kwaikwayo yake yi, da mun ga ya fara sa dunduniya sannan yatsu, yana kaɗa hannu kamar ubansa, amma wannan sai a hankali yake zuwa, kuma tafiyarsa ba ta gama zama irin ta manya sai bayan shekaru. Haka rarrafe: ɗan fari da ya tashi tsakanin uwa da uba bai taɓa ganin kowa yana rarrafe ba, amma yana yi, wani da gwiwa, wani da ciki, wani da jan gindi, kowa da dabarar da ya gano wa kansa. Har ƙashi ma yana amsa wannan aiki, domin lanƙwasar ƙashin baya ta wajen ƙugu tana fitowa ne sosai bayan yaro ya fara tsayuwa da tafiya, haka nan karkatar ƙashin cinya zuwa ciki, wadda take sa gwiwoyi su matso kusa da juna a ƙarƙashin jiki.

Na san za a tuna mini da labaran yaran da aka ce namun daji sun raina, waɗanda aka same su suna tafiya da hannu da ƙafa. Mafi shahara shi ne na 'yan matan nan biyu da aka ce an tsamo daga ramin kyarkeci a Indiya a 1920, labarin da kusan dukansa ya dogara ga bakin mutum ɗaya, kuma masu bincike da dama sun nuna shakka mai ƙarfi a kansa. Ko da an yarda da irin waɗannan labarai, yaron da aka yasar yana fama da yunwa da ciwo da rashin mai riƙe masa hannu, wataƙila ma wata lalura ce ta sa aka yasar da shi tun farko, saboda haka ba za a ɗora komai a kan abin da ya gani ba. Akwai kuma wasu 'yan gida ɗaya a kudancin Turkiyya da labarinsu ya bazu a wajen 2005 saboda suna tafiya da hannu da ƙafa. Sun tashi ne a cikin mutane masu tafiya tsaye, har da iyayensu da wasu 'yan'uwansu, kuma bincike ya nuna suna da lalurar gado a sashen ƙwaƙwalwa na ƙeya mai kula da daidaiton jiki.

Ban hana wa kwaikwayo rabonsa ba. Yaron da yake ganin yayyensa suna guje-guje yana samun abin da zai ja shi ya tashi ya bi su, kuma tafi da shewar da ake yi masa idan ya yi taku biyu suna ƙara masa ƙarfin gwiwa. Bayan tafiyar ta kafu kuma, salonta yana shiga hannun kwaikwayo sosai. Kowa ya taɓa ganin ɗan shekara uku ya goya hannu a baya yana takun ƙasaita irin na kakansa, ko yana ɗingishin ƙarya domin ya ga wani yana yi. Masanin zamantakewa Bafaranshe Marcel Mauss ya faɗa a wata lacca a 1934 cewa lokacin da yake jinya a wani asibiti a New York ya lura da yadda ma'aikatan jinya mata suke tafiya, ya yi ta tunanin inda ya san wannan tafiya, sai ya gane a sinima ne, da ya koma Faris kuma ya tarar 'yan mata sun fara irinta. Wannan kwaikwayo ne tsantsa, amma ado ne da ake yi wa ginin da ya riga ya tsaya.

Dalilin da ya sa na ga maganar ta cancanci wasiƙa shi ne abin da take jawowa a gida. Uwar da aka gaya wa cewa gani ne yake sa tafiya, idan ɗanta ya kai wata 14 bai taka ba, sai ta ɗora wa kanta laifi, ko ta ruga ta sayo keken koyon tafiya ta cusa shi a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara 816 a ƙasashen Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka, ta kuma bayyana a 2006 cewa yara masu ƙoshin lafiya suna fara tafiya su kaɗai tsakanin wata 8.2 da wata 17.6, tazarar da ta wuce wata tara, sannan kimanin huɗu cikin ɗari ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam, duk da cewa muna faɗin da rarrafe yaro kan tashi. Keken kuwa ba ya gaggauta tafiya, domin yana ɗauke wa yaro ainihin abin da ya kamata ya koya, wato riƙe nauyinsa da kansa, ga haɗarin gangarawa daga matakala ko isa ga wuta da ruwan zafi, abin da ya sa Kanada ta haramta sayar da shi a 2004. Abin da yaro yake buƙata shi ne wuri mai tsabta a ƙasa, da abin dafawa mai ƙarfi, da babba a kusa wanda zai bar shi ya faɗi a kan gindinsa ya sake tashi. Idan kuwa ya cika wata 18 bai taka ba, ko aka ga ƙafa ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi, ko ya daina yin abin da ya riga ya iya, to wannan aikin likita ne, kuma tara masa masu tafiya a gabansa ba zai maye gurbin kai shi asibiti ba.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka a kullum.